Lamba Sha Huɗu Ba Ta Jin Ƙishirwa

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan Azahar

Madmazel Jinƙai ce ta ba ni wannan kaye, ta ce in riƙa rubuta ruwan da nake zuba wa kowace tukunya. Shafukan gaba nasu ne, na baya nawa. Wanda ya juyo ya karanta, shi ya nema.

Ni ne Mutari, ɗan Droum. A aji huɗu na bar lakwal, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya yi haƙuri. Aikina a cibiyar binciken nan ban-ruwa. Akwai wani dogon ɗaki da aka yi wa bango da raga, kamar gidan sauron wani ƙato. A ciki tukwanen roba ɗari da ashirin, an shuka hatsi iri ashirin, kowane iri tukunya shida. Uku an ɗaura musu shuɗin zare, uku ja. Daga yau masu jan zare ba su ba ruwa.

Dokta Rashid, mai binciken, ya tsaya da farar rigarsa ya yi mana bayani. Wai za a sa hatsin cikin wahala a ga yadda ƙwayoyin jikinsa ke amsawa. Shekara bakwai ya yi a ƙasar waje don ya gano ko hatsi na jin ƙishirwa. Da ya tambayi gwaggona da ta faɗa masa kyauta, har ta dama masa fura.

Jinƙai ɗaliba ce, da wannan aikin za ta rubuta memwar ɗinta ta samu digiri. Ta ce a cakuɗa tukwanen, kada iri ɗaya ya taru wuri ɗaya, haka ƙa'ida ta ce. Dokta ya ce, "Madmazel, hoto fa? In an cakuɗa, me baƙo zai gani?" Aka jera su layi-layi kamar ƴan fareti. Ni na jera.

Da safe na sauka daga keke tun daga nesa, na cire takalmi, na durƙusa na gaida Baba a ƙofa. Shi ne maigadin cibiyar, tsohon soja, shekara sha tara yana buɗe ƙofar nan. Shi ne mahaifin matata Bintu, shi ya samo mini aikin. Sunansa ba zai shiga kayen nan ba, ko a shafin baya.

Laraba, 24 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya

Yau na ga abin da ya fi maganar Dokta daɗi. Jinƙai ta shafa man farce marar launi a bayan ganye, ta bari ya bushe, ta ɓare shi, ta sa a ƙarƙashin mikroskop, wannan na'ura mai ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Ta ce, "Malam Mutari, zo ka leƙa gonarka."

Na leƙa. Ashe ganye unguwa ce. Ɗakuna ne ƙanana manne da juna, bango da bango, kamar tsohon Birni in ka hau dutse ka dubo. Ta ce kowane ɗaki shi ne ƙwayar halitta. A tsakaninsu akwai ƴan bakuna, ta nan ganye ke numfashi, ta nan kuma ruwa ke fita. In hatsi ya ji ƙishirwa sai ya rufe bakunan don ya riƙe ɗan abin da ya rage.

Na ce, "Ashe hatsi ya fi mutane hankali. Mu sai mun ji wuya muke wage baki."

Tana dariya Dokta ya shigo. Bai dube ni ba, ita ya duba. "Jardinye me yake yi a labo? Kada ya taɓa mini kaya."

Wata goma sha ɗaya ina aiki a ƙarƙashinsa. Kullum Jardinye, wato mai lambu. Ina jin ya ɗauka sunan yanka ne.

Asabar, 27 ga Afrilu, tsakar rana

Zafi arba'in da huɗu. Masu jan zare sun naɗe ganye kamar tabarmar da aka gama salla. Ina wucewa da ruwa ta gabansu ina kau da kai.

Talata, 30 ga Afrilu, bayan La'asar

Kwana takwas ba ruwa. Duk masu jan zare sun kwanta, ban da uku: lamba sha huɗu, a can ƙarshen layi, jikin raga ta gabas. Tsaye suke, kore shar, kamar damina ta sauka musu su kaɗai.

Dokta ya gani ya kusa yin rawa. Ya ɗauki hoto ta gaba, ta baya, ya kwanta a ƙasa da farar rigar ya ɗauka ta ƙasa. Ya kira wani a Yamai yana ta Faransanci, hannu na tashi sama.

Lamba sha huɗu irin Droum ne. Ni na raka su suka karɓo shi daga rumbun gwaggona bara. Na san hatsin nan tun ina tsoron akuya. Hatsi ne mai daɗin fura, amma rago ne. In ruwa ya ɗauke kwana goma shi ke fara sunkuyar da kai a duk gonakinmu. Yaushe ya zama jarumi?

Da suka fita na ɗaga tukunya ɗaya. Nauyi. Na ɗaga ta lamba sha uku, kamar kwandon banza. Saman ƙasar duka a bushe yake, rana ta lashe. Da ido kawai Dokta ke duba, bai taɓa ɗaga tukunya ba tun da aka fara. Farar riga ba ta son ƙasa sai ranar hoto.

Na mayar da tukunyar wurinta. Ba a tambaye ni ba.

Laraba, 1 ga Mayu, La'asar

Yau hutun ma'aikata. Hatsi bai san hutu ba, saboda haka na zo.

Na gama ban-ruwa ina zaune a bayan tankin, sai aka kira salla. Inuwar da Baba ke salla tana jikin ɗakin raga ta gabas. A nan ragar ta yage daga ƙasa, kamar kamu biyu, tun kafin zuwana.

Na ga buta. Na ga an jawo ɗan dutse an zauna. Na ga hannu ya ɗaga ragar, an miƙa ƙafa ta wurin yagewar. Wankin hannu a tukunya ta farko, fuska a ta biyu, ƙafafu a ta uku. A natse, kamar mai raba gado. Ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

Sau biyar a rana. Ga binciken Dokta na shekara bakwai.

Na koma bayan tankin na zauna har aka idar. Ban yi tari ba ma.

Alhamis, 2 ga Mayu, bayan Magariba

Na faɗa wa Bintu. Tana tuƙa tuwo, ta saki muciya ta yi ta dariya har hawaye.

Na ce, "Ba abin dariya ba ne. In suka gane korarsa za su yi. A wannan shekarun, wa zai sake ɗaukarsa? Ɗakin ƙofar ma da suke kwana ciki na cibiya ne."

Ta daina dariya. Ta ce, "To ka faɗa masa mana."

"Ni? In tsaya gaban Baba in ce masa ga inda zai wanke ƙafarsa?"

Ta san amsar. Tun da aka ɗaura mana aure maganata da shi ba ta wuce ina kwana, ina gajiya, ya iyali. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Ban san launin idonsa ba. Suruki ba abokin shawara ba ne, balle a yi masa gyara.

Na ce ita ta faɗa masa. Ta ce, "Malam mai ban-ruwa, kai da kake namiji ka kasa, ni ce zan ce wa Baba ya daina alwala?"

"Ba dainawa ba. Matsawa."

"Baba bai taɓa zubar da ruwan alwala a ƙasa ba tun ina yarinya. Ko tsiron kuɓewa ne sai ya nema. Garin da ake kwana uku famfo bai kawo ba? Cewa yake yi ruwan da aka ambaci Allah a kansa ba a ba turɓaya."

Ta ce za ta gwada ta wajen Inna, mahaifiyarta.

Juma'a, 3 ga Mayu, da safe

Na ɗinke ragar da zaren buhu kafin kowa ya zo.

Asabar, 4 ga Mayu, da safe

An warware ɗinkin. Ba a tsinka ba, an bi shi ɗaya bayan ɗaya, an naɗe zaren tsaf an rataye a ƙusa don kada mai shi ya rasa.

Litinin, 6 ga Mayu, bayan Azahar

Dokta ya tara mu. Ranar sha shida manyan proje, masu ba da kuɗin aikin, za su zo daga Yamai su ga lamba sha huɗu. Za a ninka irin a raba wa manoma, a ce musu ga hatsin da ba ya tsoron fari. Wato za a kai wa gwaggona hatsinta a cikin leda mai hoto. Har suna ya raɗa masa, R-14. Bai faɗi abin da R ɗin ke nufi ba. Tawali'u ke nan.

Ina wanke bokiti kusa da ƙofa na ji Abdul'aziz direba yana tsokanar Baba. Shi yana iya yi, ba ƴarsa ya aura ba.

"Tsohon soja, an ce mun samu hatsin da ba ya shan ruwa. Bana sai mu sayar da damina."

Baba ya ce, "Kai dai ja motarka. Ni tun da nake ban taɓa ganin ilimin da za a tsare abu mai rai a hana shi ruwa ana kallonsa ba. Ko fursuna muna ba shi ruwa. Waɗancan ukun na jikin raga, kullum ina salla suna kallona. Ranar gobe kiyama in aka tambaye ni, in ce me? Dokta ne ya hana?"

Abdul'aziz ya yi dariya ya ja mota. Bai fahimci komai ba, kansa sitiyari ne. Ni na ci gaba da wanke bokitin da ya riga ya fita.

Ashe ba kuskure Baba yake yi ba. Sadaka yake yi.

Laraba, 8 ga Mayu, La'asar

Jiya na yi dabara. Na samo ɗan zogale na dasa daidai inda yake ajiye buta, na yi masa kwari mai kyau. Na ce mai neman abin shayarwa ga shi a gabansa.

Yau na leƙa. Hannu da fuska na zogale, ƙafafu na hatsi. Ya kuma ƙaro buta ta biyu don kada wani ya ji an yi masa kishiyar ruwa.

Dabarar ɗan aji huɗu ke nan. Dokta ma bai fi ni da yawa ba.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe goma

Jinƙai ba ta dariya kwanan nan. Ta kira ni labo, Dokta ya tafi ɗinkin sabuwar farar riga.

Ta nuna mini ganyen lamba sha uku: bakuna a rufe gam. Ta nuna na sha huɗu: a buɗe, kamar ƴan tsaki. Ta ce in hatsi yana jure ƙishirwa da gaske, ana ganin alamar fama a cikin ƙwayoyinsa, suna tara wasu abubuwa don su riƙe ruwa. Ta auna, babu. Ta ce, "Wannan ba jurewa yake yi ba. Bai ma san ana fari ba."

"Me Dokta ya ce?"

"Ya ce abin mamakin ke nan." Ta cire tabarau. "Malam Mutari, ni ƴar malamin lakwal ce, ban iya noma ba. Kai ka iya. Akwai hatsin da ba ya jin ƙishirwa?"

Na ce Allah mai iko ne.

Ta ce, "Mu ma a cocinmu haka muke cewa. Amma ba shi na tambaye ka ba."

Na duba takalmina. Ta bar ni. Don ta sauya magana sai ta kai ni ƙaramin ɗakin da ke gefe, inda take fesa wa wasu tsirrai kuturtar hatsi da gangan, wannan cutar da ke sa zangarniya ta zama ganye. Ta nuna mini wani ganye mai ƴan ɗige-ɗige busassu. Ta ce wannan shi ne mai ƙarfi. Da cutar ta shiga ɗaki ɗaya, ɗakunan da ke kewaye sai su kashe kansu, cutar ta rasa abin ci, ta tsaya nan. Sauran ganyen ya rayu.

Na ce, "Wa ke zaɓar waɗanda za su mutu?"

Ta ce, "Ba a zaɓa. Wanda ya fi kusa."

Asabar, 11 ga Mayu, da yamma

Bintu ta dawo daga wajen Inna. Inna ta ce ita ba ta shiga tsakanin mutum da alwalarsa.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ba komai. Zafi. Buta biyu.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan La'asar

Da asuba na juya ganyen lamba sha huɗu na ga fari-fari a ƙarƙashi kamar an barbaɗa gari, ganyen kuma ya fara rawaya daga gindi. Kuturta. Iska ta kwaso ta daga ƙaramin ɗaki. Duk ɗan manomi ya san kuturta ba ta kama busasshen ganye, lema take bi. A cikin masu jan zare sittin, uku kawai ta samu wurin zama.

Jinƙai ma ta gani. Ba ta tambaye ni ba wannan karon. Ashe tun ranar Juma'a take ɗora tukwanen ukun a sikeli, safe da yamma, ba ta faɗa wa kowa ba. Tukunyar da ba a ba ruwa kullum raguwa take yi. Waɗannan da yamma sun fi safe nauyi.

Ta kai wa Dokta takardar. Ina daga waje na ji muryarsa. Da farko ya ce sikelin ya lalace. Ya fito da kansa, ya naɗe hannun sabuwar riga, ya ɗaga tukunya. Rana ta ashirin da biyu, karo na farko. Na ga fuskarsa lokacin da nauyin ya isa kafaɗarsa. Da ina da waya mai hoto da na ɗauka ta gaba, ta baya, ta ƙasa.

Saura kwana uku baƙi su zo. Ya riga ya aika musu hotuna.

Ya ce wani ya yi masa zagon ƙasa, kuma sai an kori mutum. Direkta, shugaban cibiyar, ya ce bayan tashi daga aiki mutum biyu ne kawai ke zama a cibiyar, mai ban-ruwa da maigadi. Gobe ƙarfe tara zai gan mu ɗaya bayan ɗaya.

Na san Baba. Ba sai an matsa masa ba. Tambaya ɗaya zai ce, "Ni ne, kuma gobe ma zan yi." Sai a karɓe makulli a hannunsa a gaban yaran da ya girmi iyayensu, a fitar da tabarmar Inna daga ɗakin ƙofa.

Ban faɗa wa Bintu ba. Cikinta wata shida, tuwo ma da ƙyar take ci.

Talata, 14 ga Mayu, bayan Azahar

Ni aka fara kira. Biron Direkta sanyi kamar randa. Ta taga ina hango Baba a kan benci, ya sa tsohuwar hularsa ta soja, yana jiran layi.

Direkta ya ce, "Ka san wanda ya zuba wa tukwanen nan ruwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne."

Dokta ya miƙe. "Kai? Ban ce maka jan zare ba ruwa ba? Ko launi ma ba ka ganewa?"

"Ina ganewa, Dokta. Hatsin garinmu ne. Na kasa kallonsa."

Sai ya juya wajen Direkta ya zuba Faransanci. Aji huɗu ya ishe ni in gane jahili da ƙauye. Ya dawo Hausa don kada in yi asarar sauran. Ya ce irinmu ne ke hana ƙasar nan ci gaba, ya ce ana kawo mana ilimi muna zuba masa ruwa. Ya ce shi tun farko jikinsa ya ba shi akwai wani abu. Na tuna shi kwance a ƙasa yana ɗaukar hoto. Na ce, "Haka ne, Dokta."

Jinƙai tana tsaye a bakin ƙofa da kayen ban-ruwa a hannu. Direkta ya tambaye ta ko tana da abin cewa. Ta dube ni. Na san abin da ke cikin aljihun rigarta, don jiya na gan ta tana tsintar burbushin asuwaki daga tukunya ta biyu. Ni da buroshi nake wanke baki, ta sha yi mini tsiya a kan haka.

Ta ce, "Abin da na auna shi ne an zuba ruwa. Sikeli bai nuna mini hannu ba." Sai ta ƙara, "Kuma da an cakuɗa tukwanen tun farko, da tun kwana na biyar aka gane."

Dokta bai ji wannan ba. Kunnensa irin na ganye ne, yana rufewa in ya ji zafi.

Direkta ya leƙa ta taga ya ce wa masinja, "Ce wa maigadi ya koma bakin aikinsa, an gama."

Laraba, 15 ga Mayu, bayan Magariba

An ba ni takardar sallama. Gobe in mayar da makulli da takalman roba. A saman takardar an rubuta Mutari Habu, daidai, ba kuskure. Ashe akwai wanda ya san sunan a cibiyar.

Dokta ya sa an kwashe lamba sha huɗu an kai bayan tanki. Gobe ɗakin kuturtar Jinƙai zai nuna wa baƙi, na ji yana gwada bayanin ƙwayoyin da ke kashe kansu. Ya iya faɗa, har da dafa ƙirji.

Jinƙai ta same ni ina naɗe tiyo. Ta ce za a sake gwajin daga farko, memwar ɗinta ya koma baya wata uku. Na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ba kai za ka ba ni ba, amma na karɓa." Ta ce kayen ya zama nawa, ta cire shafukan gaba.

Bintu ta ji a wajen Abdul'aziz kafin in iso gida. Ba ta yi kuka ba, ta dai ƙona miya. Ta ce Baba ya aiko Inna: gobe da safe zai shiga wajen Direkta.

Na ce ta je wajensu yanzu, kafin Isha. Ta faɗa wa Inna, Inna ta faɗa masa. In ya shiga, ni ba za a mayar da ni ba, don na riga na yi ƙarya a gaban Direkta. Sai a tashi da mutum biyu a waje, ɗaya kuma maƙaryaci. Ni ina da gona a Droum, damina ta kusa, ina da ƙarfi. A roƙar mini shi ya bar maganar inda take.

Ta ce, "In ya ƙi fa?"

Na ce, "Ki ce surukinsa ne ya roƙa. Ban taɓa roƙonsa komai ba sai ke."

Ta sa gyale ta fita.

Alhamis, 16 ga Mayu, La'asar, a gida

Na isa da wuri. Na durƙusa na gaida shi, ya amsa yana kallon gabas kamar kullum. Bai shiga biro ba.

Na zaga ta ɗakin raga in yi sallama da hatsin. An ɗinke yagewar. Ba ɗinkina ba ne, wannan ƙanana ne a jere, irin na mai gyaran tanti a bariki. Gindin zogale kuwa sharkaf, har ruwa ya kwanta.

Na mayar da makulli da takalma. An share fili, an jera kujeru, an rataya ƙyalle mai rubutu. Inda aka rubuta R-14 an manna farar takarda. Dokta yana bakin baranda yana duba agogo, bai gan ni ba. Ban yi tsammani ba.

Ƙofar cibiya iri biyu ce. Akwai ƙarama a gefe, ta masu ƙafa da keke, sai ka sunkuya. Akwai babba mai ganye biyu. Wata goma sha ɗaya ban taɓa ganin an buɗe ganyen biyu duka ba sai don motar Direkta. Dokta ma ganye ɗaya ake buɗe masa.

Ina turo keke na nufi ƙarama sai na ji ham daga waje. Motocin Yamai uku sun iso, farare, gilashi a rufe. Baba ya zare sakata, ya ja ganye na dama har bango, ya ja na hagu har bango. Motar farko ta fara shigo da hanci.

Ya shiga gabanta ya ɗaga hannu, irin na soja a shinge. Ta tsaya. Direban ya sake ham. Dokta ya taho da gudu daga baranda yana cewa, "Maigadi! Maigadi, me kake yi? Baƙi ne!"

Baba bai waiwaye shi ba. Ni ma bai dube ni ba. Ya haɗa ƙafafu, ya miƙe sosai, hannu ɗaya ya tare motocin, idonsa a kan bangon da ke gabansa.

Na duba bayana ko akwai wata mota mai fita. Babu kowa sai ni da kekena.

Na cire takalmi na riƙe a hannu, na bi ta tsakiya.